Ranar da Aka Hana Mu Makara

A Ƙofar Jatau aka haife ni, a gidan maɗinka. Kakana da allura ya ci abinci, ubana haka, ni ma an damƙa mini ita tun ban iya ɗaure mazagin wandona ba. Amma a shekarun nan na hamsin, in ka shiga unguwarmu ka tambayi maɗinkin riga, gidan ubana za a nuna maka. In ni ka tambaya kuwa, sai a ɗan taɓe baki a ce, "Au, sojan nan." Na daɗe da dawowa daga yaƙin Boma, na koma kan tabarma ina ɗinkin aska takwas kamar kowa, amma sunan bai sake ni ba. Ni ma ban roƙi kowa ya sauya mini shi ba.

Mutanen birni sun ce soja ya ɓata ni, kuma ta wani wajen suna da gaskiya. Ina tafiya da sauri kamar wanda aka aika. Ina cin tuwo kamar za a ƙwace. In babba yana magana ina kallon idonsa, ba don raini ba, haka aka koya mana, wanda ya sunkuyar da kai a fareti sai ya sha mari. Ga saurin fushi, wannan ban musa ba. Amma babban abin da soja ya canza mini ba a tafiya yake ba. A birni, in an ga baƙo, tambayar farko ita ce ɗan wane gida ne. A dajin Boma ba wanda ya taɓa tambayata gidanmu. Abin da ake son sani shi ne, in an kwanta a rami, na gefenka zai yi barci ko zai tsare maka baya. Na dawo da wannan ma'auni a kaina, na yi ta auna mutane da shi, har da waɗanda suka haife ni.

Mutumin da zan ba da labarinsa kofur ne a rukuninmu, kuma Kofur muka ci gaba da kiransa har ya bar duniya. Daga can gabas yake, bayan Barno, cikin ƙasar da Faransa take mulka. Dogo ne, baƙi wuluk, da tsage a goshi irin wanda ba a sani ba a Zazzau. Hausarsa ta bariki ce, in yana magana yara sai su ɓoye baki suna dariya. A bariki ya musulunta, a hannun limamin bataliya, kafin a zuba mu a jirgin ruwa. Ina wurin, ni na riƙe masa buta. A daji kuwa, lokacin da atini ya kusa gamawa da ni, shi ya ɗora kayana a kan nasa kwana da kwanaki, yana tafe yana zagina don kada in samu wuri in kwanta. Daga baya harsashi ya fasa masa gwiwar dama, ƙafar ta sandare, ba ta ƙara lanƙwasuwa ba.

Bayan an sallame mu ya yi gadi a wani sito na auduga a Sabon Gari. Da tari ya kama shi ya fara ramewa, suka ce ya huta. Wata safiya sai ga shi a ƙofar zaurenmu da akwatin ƙarfe da bargonsa na soja a kafaɗa. Bai roƙe ni komai ba, ni ma ban tambaye shi komai ba. Na share masa ɗakin da ke jikin zaure, na rataya masa asabari. Da na shiga na gaya wa Baba, bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba. Ya ce, "Baƙonka ne." Tun daga ranar ban taɓa ganin wani abu ya haɗa su ba sai gaisuwa.

Kofur bai taɓa zuwa masallacin unguwa ba. Na yi masa magana, ya nuna mini ƙafar ya ce, "In na zauna, wannan zai shiga sahun wani. Ni ba na son a matsa mini." A ɗaki yake sallarsa a zaune, ƙafa miƙe kamar taɓarya. Mutanen unguwa ba su ga wannan ba. Abin da suka gani shi ne ƙato da gajeren wandon kaki yana busa sigari a gindin katanga, kuma duk ranar Lahadi yana jan ƙafa zuwa Sabon Gari. Abokansa yake zuwa gani, ranar ce kawai ba su aiki. Amma unguwa ta riga ta yanke hukuncinta: wasu suka ce coci yake zuwa, wasu suka ce gidan burkutu. Na ji, na yi banza da su. Na ɗauka surutu ne irin na masu zaman kashe wando.

Da bazara ya rasu, lokacin da zafi ya kai intaha. Da hantsi na kai masa koko na tarar ya cika, yana jingine da bango, carbi a cinyarsa. Na rufe masa ido, na miƙar da shi, na zauna kusa da shi na ɗan lokaci. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Sannan na tashi, domin a irin wannan zafi gawa ba ta jira.

Makarar unguwarmu a masallaci ake ajiye ta, kuma ba a ɗaukarta sai da izinin liman. Na same shi a zaurensa tare da dattawan da suka saba zama da shi da safe, Baba yana cikinsu. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na gaida su ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Allah gafarta Malam, baƙon da ke gidanmu Allah ya yi masa rasuwa. Na zo a ba mu makara, a kuma sa mana lokacin salla."

Aka yi salati ƙasa-ƙasa. Liman ya daɗe yana shafa gemu. Dattijo ne mai taushin murya, bai taɓa ɗaga wa kowa harshe ba, shi ya sa maganarsa ta fi zafi.

Ya ce, "Allah ya sa ya huta. To, wa ya san musuluncinsa?"

Na ce, "Ni. A gabana ya yi shahada, kuma mun yi salla tare a inda ko ruwan alwala babu."

"Kai da wa?"

"Da duk wanda muka je Boma tare."

Ya yi ɗan murmushi. "Ɗana, shaida tana da sharaɗi. Mutumin da ya yi shekaru yana cin abincin Nasara, yana sa tufafinsu, ba a san inda ya kwana ko abin da ya shiga cikinsa ba, ba za a ɗora hukunci a kan bakinsa ba. Ba kai kaɗai nake nufi ba, dukanku. A samo mutum biyu sanannu cikin unguwa da suka taɓa ganinsa yana salla, yanzu in tashi."

Ya juya ya dubi dattawan. "Ko akwai wanda ya taɓa gani?"

Wani yana ɓare goro, wani yana korar ƙuda. Baba yana kallon yatsun ƙafarsa.

Liman ya ce, "To ka gani. Ko ku kai shi Sabon Gari wurin mutanensa, ko a sanar da 'yan doka. Ai akwai fursunonin da ke binne gawar da ba ta da mai ita."

Wannan maganar ce ta fi yi mini ciwo. Mutumin da ya ɗauke ni da kayana a daji, a ce fursunoni za su ja shi su tura a rami. Kuma ba Kofur kaɗai aka zaga ba. An gaya mini a gaban ubana cewa bakina ba baki ba ne. Lokacin da ake neman samarin da za a tura yaƙi, ai ta ƙofar waɗannan zauruka aka bi aka tattara mu, har da addu'a aka raka mu. Yanzu mun dawo mun zama marasa shaida. Na miƙe tsaye ba tare da na yi sallama ba, na ce, "Yana da mai shi." Baba ya ɗago ya ce, "Kai, kada ka ja mana magana." Na sa takalmina a bakin ƙofa na tafi.

Na hau keke zuwa Tudun Wada, wurin samanjanmu na da, wanda a lokacin yake sayar da itace. Na ce masa, "Samanja, Kofur ya faɗi, an hana mu makara." Bai tambaye ni dalili ba. Ya jawo buhu ya rufe gatarinsa, ya ce in koma in ɗora ruwa. Kafin rana ta take, tsofaffin sojoji sun fara isowa zaurenmu, wannan daga tasha, wancan daga kasuwa, wani da ƙurar bulo a jikinsa. Kada wani ya ɗauka waliyyai ne. Akwai mashayi a cikinsu, akwai wanda na yi shekaru ba na gaida shi saboda wata rigima tamu. Akwai wani saje Kirista daga kudancin Zazzau, wanda ya shigo da diga a kafaɗa ya ce, "Ni ba zan yi salla ba, amma rami aikina ne." Ba wanda ya zo don ya san ƙauyen Kofur ko sunan ubansa. An ce namu ya faɗi, a wurinmu magana ta ƙare.

Samanja ya raba aiki kamar yadda ya saba. Saje da wasu suka wuce maƙabarta bayan ganuwa da diga da shebur. Ni da Samanja muka shiga wankan gawa. Matata ta miƙo ruwan ɗumi da ganyen magarya ta bayan ƙofa, ta haɗo da ɗan turarenta. Muka wanke shi yadda addini ya ce, dama kafin hagu. Ƙafar nan da ta hana shi shiga sahu, a ranar ba ta ba mu wahala ba, dama a miƙe take. Likkafani kuwa, ai gidan maɗinka ne. Na yanko alawayyon da na ajiye don rigar salla, na haɗa shi da hannuna.

Saura abin ɗauka. Wani ya ce a cire ƙyauren ɗaki. Samanja ya dube shi ya ce, "Kai a Boma da ƙyaure kake ɗaukar mutane?" Ya sa aka zaro gora biyu daga rumfar tsakar gida. Muka shimfiɗa bargon Kofur a ƙasa, muka ɗora gora ɗaya muka ninko bargon a kanta, muka ɗora ta biyu muka sake ninkowa. Ba igiya, ba ƙulli. Nauyin wanda aka kwantar shi ke danne ninkin, iya nauyinsa iya ƙarfin riƙon. Haka muka fito da mutane da yawa daga bakin daga, masu rai da waɗanda suka cika a hanya. Hannuwanmu ba su manta ba.

Akwai lungu ta bayan gidanmu da zai fitar da mu ƙofar gari ba tare da kowa ya gan mu ba. Wani ya kawo shawarar a bi ta nan a huta da fitina. Na ce ba sata muka yi ba. Duk mamacin unguwar nan a filin ƙofar masallaci ake yi masa salla, nan za a yi wa Kofur. Samanja ya ce, "Ka ji magana. A ɗauka."

Muka fito daidai lokacin da aka idar da azahar, mutane suna zaune a inuwar katangar masallaci suna fifita. Masu ɗaukar gaba suka fara da ƙafar hagu, na baya da dama, domin in aka daidaita taku abin da aka ɗauka sai ya yi ta lilo. Shi ya sa Kofur ya tafi lif, ko girgiza babu, ya fi wanda ke cikin makara natsuwa. A al'adarmu in gawa ta zo wucewa kowa yakan miƙe, ya yi salati, ya taka mata ko da kaɗan ne. Ranar nan ba wanda ya motsa. Masu fifita ma suka daina.

Muka sauke shi a filin, muka daidaita shi. Samanja ya dube ni ya ce, "Kai ne ɗan gari, kai ka yi allo. Shiga gaba." Ban taɓa jan sallar gawa ba, amma na tsaya a bayan liman sau da yawa, na san yadda take. Ba mutane nake tsoro ba, tsorona kada in yi wa Kofur kuskure. Na waiwaya na ga sahun da ke bayana. Gajere ne, amma ban taɓa ganin sahu miƙaƙƙe irinsa ba a ƙofar masallacin nan, kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya ce a gyara. Na ɗaga murya na yi kabbara yadda har na cikin masallaci zai ji. Liman bai fito ba. Cikin masu zama a inuwa ba wanda ya taso.

Da na sallame sai na juya wajensu. Na san su duka, wasu tare muka yi wasan ƙasa, wasu rigunan da ke jikinsu ni na ɗinka. Na ce, "Sallar gawa in wasu suka yi ta faɗi a kan sauran, in ba wanda ya yi kuwa duk gari ya ɗauki zunubi. Malam ne ya karantar da mu haka. To mun sauke muku, ba sai kun gode ba." Wani dattijo ya ce, "Yaron nan ba ya da kunya." Na ce, "Na bar ta a zauren Malam da safe." Muka ɗauki mutuminmu muka wuce.

A bayan ganuwa ƙasa ta bushe ƙamas, diga tana tashi da wuta. Duk da haka muka tarar su Saje sun gama, gefe da gefe a daidaice, har da ƙaramin ramin ciki. Hannun Saje duk ya fashe. Ya ja da baya ya cire hularsa, mu kuma muka saukar da Kofur. Muka jera itace, muka toshe da ganye da ɗanyen laka, muka tura ƙasa. Dutsen Kufena yana can gabanmu yana ta hucin zafi. Bayan addu'a Samanja ya ba da umarni da tsohuwar muryarsa ta fareti, muka ƙame gaba ɗaya muka sara masa. Ban sani ba ko malamai za su ce ya halatta. Ban tambaya ba a lokacin, kuma ba don wani Bature muka yi ba.

Sai bayan la'asar na koma gida. Sojoji sun watse, kowa ya koma neman abincinsa. Na tarar da Baba shi kaɗai a zaure, da wuyan wata riga a gwiwarsa yana ɗinki. Na gaishe shi, na tsaya ina jiran faɗa. Na riga na shirya abin da zan ce in ya ce in bar masa gida.

Bai ɗago ba. Ya ce, "A kan damansa kuka kwantar da shi?"

Na ce, "E, Baba. Fuskarsa alƙibla."

"Kun kwance ƙullin wajen kai?"

"Mun kwance."

Ya ja zare, ya gyara shi da farce. Can ya ce, "Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai tashin asuba. Kullum in zan fita masallaci ina jin karatunsa ta bayan asabarin nan. Ƙulhuwallahu yake maimaitawa, yana tsallake aya ɗaya. Wata rana na tsaya na gyara masa, daga nan bai ƙara tsallake ta ba."

Ubana sananne ne a unguwa, mutumin da ake kira shaidar aure da rabon gado. Da ya buɗe baki da safe, da an samu na biyu ya bi bayansa, ko liman ya tashi a kan maganarsa shi kaɗai.

Na ce, "Baba, kana zaune aka tambaya."

Ya ce, "Ina zaune."

"Me ya hana ka faɗa?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Kai ka je Boma ka dawo da mutanenka. An taɓa ɗaya, duk kun taso. Ni ba ni da kowa sai waɗannan da ka gani a zauren. Da su na tashi, su za su ɗauke ni. In na ƙaryata Malam a gabansu, gobe da wa zan zauna?"

Ya mayar da kansa kan ɗinki.

Ban ɗaga masa murya ba, ban taɓa yi ba. Na ci gaba da zama a gidansa, ina ɗinki a gefensa, ina yi masa biyayya har ƙarshen ransa. Da ya rasu unguwa ta cika maƙil, aka kawo makara tun ban aika ba, ni na wanke shi kuma ni na sa shi a kabari. Ina ƙaunarsa, ina yi masa addu'a kullum. Amma sau da yawa a shekarun da suka rage masa yakan dube ni kamar yana jira in ce masa na gane dalilinsa, ba komai. Ban faɗa masa ba, domin kuwa akwai komai.